Rod Serling, Sojan Laima Mai Tatsuniyar Telebijin

Duk wanda ya bi tarihin telebijin a ƙasar Amurka, tun daga sa'ad da akwatin ya fara shiga gidajen jama'a bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ba zai rasa cin karo da sunan Rod Serling ba. Shi ne ya ƙago shirin nan mai suna The Twilight Zone, wanda gidan telebijin na CBS ya nuna daga shekarar 1959 zuwa 1964, ana kuma maimaita shi har yanzu. Ma'anar sunan ita ce wani yanki na almuru, watau tsakanin rana da dare, inda ido ba ya iya rarrabe abin da ke na gaske da abin da zuciya ta ƙaga. Yawancin masu kallo sun ɗauki shirin a kan labaran al'ajabi ne kawai, na kumbunan sararin samaniya da halittun wasu duniyoyi da mutanen da ke komawa zamanin da ya wuce. Amma wanda ya san rayuwar marubucin zai ga cewa da yawa daga cikin labaran nan daga fagen fama suka fito, suka kuma biyo ta bakin mutumin da aka hana shi faɗin magana a fili, ya koma yin ta cikin zaurance.

An haifi Rodman Edward Serling ran 25 ga watan Disamba na shekarar 1924 a garin Syracuse cikin jihar Niyok. Iyayensa Yahudawa ne masu matsakaicin hali. Yana ɗan shekara biyu suka ƙaura zuwa Binghamton, wani ƙaramin gari a jihar, inda mahaifinsa ya riƙe sana'ar sayar da kayan abinci da nama. Wansa Robert, wanda ya girme shi da kusan shekara bakwai, shi ma daga baya ya zama marubuci, ya yi suna wajen littattafan da suka shafi jiragen sama. Rod yaro ne mai surutu da son wasan kwaikwayo, ya kuma shiga ƙungiyar muhawara ta makaranta, ya riƙe editan jaridar ɗalibai. Ƙuruciyar da ya yi a Binghamton ta zauna masa a rai har ƙarshen kwanansa, musamman dandalin shaƙatawa na unguwarsu mai lilon dawakan katako.

Cikin watan Janairu na 1943 ya gama makarantar sakandare, washegari kuwa ya je ya ba da kansa aikin soja. Gajere ne, tsawonsa bai wuce ƙafa 5 da inci 4 ba, amma ya nace sai sojan laima, watau waɗanda ke dirowa daga jirgin sama. Aka sa shi cikin runduna ta 511 ta babbar runduna ta 11 ta sojan laima, aka hore shi a sansanin Toccoa na jihar Jojiya. Can ya shiga damben zamani a ajin marasa nauyi, har aka karya masa hanci. Burinsa shi ne a kai shi Turai ya yaƙi Hitila, amma soja ba ya zaɓar wa kansa gabas ko yamma. Cikin 1944 aka ɗauki rundunarsu aka nufi tekun Pasifik da ita, suka zauna tsibirin Niyu Gini na 'yan watanni, sa'an nan cikin Nuwamba aka sauke su a tsibirin Leyte na ƙasar Filifin. A daidai waɗannan watanni ne sojojin Afirka ta Yamma, da Hausawa masu yawa a cikinsu, suke fama da sojan Japan ɗin nan a dazuzzukan Bama.

Yaƙin Leyte na duwatsu ne da kurmi da ruwan sama ba ƙaƙƙautawa. Babu hanyar mota, don haka ƙananan jiragen sama ne ke jefo wa sojoji abinci da harsashi. Serling yana cikin rukunin masu fasa abubuwa da nakiya, aikin da ba a cika daɗewa a kansa ba. A nan ne ya ga abin da bai taɓa mantawa da shi ba. Akwai wani abokinsa wanda shi ne mai ba rukunin dariya. Wata rana suna hutawa, abokin yana yi musu barkwanci, sai ɗaya daga cikin akwatunan abincin da ake jefowa ya faɗo masa a kai, nan take ya cika. Ba harsashin abokan gaba ba ne ya kashe shi, abincin da suka daɗe suna jira ne. Serling ne ya jagoranci addu'ar binne shi. Masu nazarin ayyukansa sun sha nuna cewa irin mutuwar nan, wadda ke zuwa ba sallama ta inda ba a zata ba, ita ce ke yawan fitowa a ƙarshen labaransa.

Ran 3 ga Fabrairu 1945 rundunarsu ta diro da laima a kan tudun Tagaytay, kudu da birnin Manila, ta shiga yaƙin ƙwato birnin. Wata guda cur aka yi ana gwabzawa titi-titi, gida-gida, kuma an ƙiyasta cewa fararen hula kimanin 100,000 ne suka halaka. Serling ya fita daga yaƙin Filifin da raunuka, ciki har da na gwiwa wanda ya dame shi har ya mutu, aka kuma ba shi lambar da ake ba wanda ya ji rauni a fagen fama da wata lambar ta tagulla. Bayan Japan ta miƙa wuya yana cikin sojojin da suka mamaye ƙasar. Can labari ya same shi cewa mahaifinsa ya rasu da ciwon zuciya, bai kuwa samu halartar jana'iza ba. Cikin 1946 aka sallame shi, yana da shekara 21.

Ya dawo gida da ɗaci a zuciya da mugun mafarki. 'Yarsa Anne, a littafin da ta rubuta a kansa cikin 2013, ta ba da labarin yadda yakan farka tsakar dare yana ihu, shekaru da yawa bayan an daina harbi. Da taimakon dokar da gwamnati ta kafa cikin 1944 don biya wa tsofaffin sojoji kuɗin karatu, ya shiga kwalejin Antioch a jihar Ohio. Da fari ilmin motsa jiki ya zaɓa, daga baya ya koma fannin harshe da adabi, ya kuma sha bayyana cewa ya kama alƙalami ne don ya amayar da abin da yaƙi ya bar masa a ciki. A kwalejin ya sadu da Carol Kramer, suka yi aure cikin 1948, suka haifi 'ya'ya mata biyu. Don ya sami abin riƙe gida har gwajin sababbin laimomi ya riƙa yi wa sojan sama, ana biyansa a kan kowace dira. Da ya gama karatu cikin 1950 sai ya kama aiki a gidan rediyon WLW a birnin Cincinnati, da rana yana rubuta tallace-tallace, da dare yana rubuta wasanni yana aikawa gidajen rediyo da telebijin, ana dawo masa da yawancinsu.

Wajibi ne a fahimci yadda telebijin ɗin wancan zamani yake kafin a gane faɗan da Serling ya yi da shi. Cikin 1950 gida 9 ne kacal cikin 100 ke da akwatin a Amurka, amma kafin 1960 kusan gida 9 cikin 10 sun mallake shi. Wasannin kwaikwayo kai tsaye ake watsa su daga Niyok, in ɗan wasa ya yi tuntuɓe duk ƙasa ta gani. Gidajen telebijin na 'yan kasuwa ne, kuma kamfani guda ne kan sayi sa'a ɗungum, ya sa sunansa a kan shirin, wakilansa na talla su karanta rubutun wasa layi-layi kafin a yarda a nuna. Marubuci dai ladan kuturu ya ci, dole ya yi masa aski.

Ran 12 ga Janairu 1955 aka nuna wasansa mai suna Patterns, a shirin da kamfanin Kraft ke ɗaukar nauyi. Labari ne na ofis. An ɗauko wani matashi daga reshe an kawo shi hedkwata, sai a hankali ya gane cewa an kawo shi ne don ya gaji kujerar wani dattijo mai kirki wanda shugaban kamfanin ba ya so ya kora da bakinsa, ya gwammace ya yi ta tozarta shi a gaban taro har ya ajiye aiki da kansa. Dattijon bai ajiye ba, zuciyarsa ce ta buga. Matashin ya je ya zazzaga wa shugaban magana, amma kuma ya karɓi kujerar. Wasan ya girgiza masu kallo ƙwarai, har aka sake tara 'yan wasan cikin watan Fabrairu suka maimaita shi kai tsaye, abin da ba a saba yi ba. Da shi Serling ya sami lambar Emmy ta farko, wadda ita ce babbar lambar yabo ta telebijin a ƙasar. Cikin Oktoba 1956 ya ƙara da Requiem for a Heavyweight, labarin ɗan damben da likita ya ce masa ya daina ko ya makance, maigidansa kuwa yana neman ya mai da shi abin dariya a fagen kokawa don ya biya bashi. Wannan ma ya ci lamba, haka kuma wasansa na 1957.

Sai dai sunan da ya yi bai sa an sakar masa hannu ba. A wasan ɗan damben, an cire wani layi da ɗan wasa ke roƙon ashana, saboda kamfanin da ke biyan kuɗi ƙyastun zamani yake sayarwa. Da ya rubuta wasa a kan majalisar dattawa, an hana 'yan majalisarsa ambatar kowace matsala ta gaske da ke gaban ƙasa, suka zama suna ta hayaniya a kan abin da ba a san ko mene ne ba. Waɗannan duk ƙanana ne in aka gwada da abin da ya faru kan batun Emmett Till.

Till yaro ne baƙar fata ɗan shekara 14 daga Chicago, wanda ya je ziyarar dangi a jihar Misisifi. Cikin Agusta 1955 wasu Turawa biyu suka ɗauke shi da dare bisa zargin ya yi wa wata Baturiya rashin kunya, suka azabtar da shi, suka kashe shi, suka jefa gawarsa a kogi. Masu taimaka wa alƙali yanke hukunci, waɗanda duk farar fata ne, suka wanke su cikin abin da bai fi sa'a guda da 'yan mintoci ba, bayan 'yan watanni kuwa mutanen biyu suka amsa laifin a wata mujalla don sun san ba za a sake gurfanar da su ba. Serling ya rubuta wasa a kan garin da ke rufa wa mai kisan kai asiri. Shi da kansa ya san ba za a yarda da baƙar fata a matsayin wanda aka kashe ba, sai ya mai da shi tsohon Bayahude. Duk da haka, da labari ya fita cewa wasan ya samo asali daga kisan Till, ƙungiyoyin Turawan kudu masu ra'ayin wariya suka yi ta aika wa kamfanin U.S. Steel wasiƙun barazana. Aka ɗauke labarin daga kudu aka kai shi arewa maso gabas, aka mai da mamacin wani baƙo da ba a faɗi ƙasarsa ba, har kwalaben Coca-Cola aka kwashe daga dandalin don kada su tuna wa mai kallo kudu. Da aka nuna Noon on Doomsday cikin Afrilu 1956 ba abin da ya saura a cikinsa na Till. Ya sake gwadawa cikin 1958, a wannan karo aka tura labarin baya zuwa shekarun 1870, aka mai da wanda aka kashe ɗan Meziko.

A waɗannan shekaru kuma telebijin ɗin Amurka yana ba da nasa labarin yaƙin da Serling ya yi. Cikin 1949 an nuna Crusade in Europe, kashi 26, wanda aka gina a kan littafin Janar Eisenhower. Daga Oktoba 1952 zuwa Mayu 1953 gidan NBC ya nuna Victory at Sea, shi ma kashi 26, da haɗin kan rundunar sojan ruwa, da kiɗan da Richard Rodgers ya tsara, har da kashi guda a kan yaƙin tekun Leyte da wani a kan ƙwato Filifin. Daga 1957 kuma CBS ya fara The Twentieth Century, Walter Cronkite na gabatarwa. Shirye-shirye ne masu daraja, don sun adana hotunan da aka ɗauka a fagen daga, kuma ɗalibin tarihi zai ƙaru da su har yau. Amma daga nesa suke hangen yaƙi: jiragen ruwa a jere, taswira da kibau, janar-janar suna gaisawa, kiɗa yana tashi sa'ad da tuta ke hawa. Na'urar ɗaukar hoto ba ta da hanyar shiga zuciyar sojan da ya san gobe wani cikin abokansa ba zai ci abincin dare ba. Wannan gurbi ne Serling ya cike, da ƙagaggen labari kuwa ya cike shi.

Ƙofar ta buɗe ran 24 ga Nuwamba 1958, sa'ad da aka nuna wani wasansa da CBS ya saya ya ajiye, mai suna The Time Element. Wani mutum ne ke gaya wa likitan ƙwaƙwalwa cewa kullum dare yakan tsinci kansa a Honolulu ran 6 ga Disamba 1941, yana ta gargaɗin mutane cewa gobe Japan za ta kai hari Pearl Harbor, kowa na ɗaukarsa mahaukaci ko mashayi. Wasiƙun yabo suka yi ta zuwa, CBS ya ga akwai kasuwa. Ran 2 ga Oktoba 1959 aka fara The Twilight Zone. Kafin a fara, a wata hira da ɗan jarida Mike Wallace, Serling ya nuna cewa ya gaji da jayayya da masu talla, sabon shirin kuma ba zai taɓa matsalolin jama'a ba. Ko dai bai faɗi duk abin da ke ransa ba, ko kuwa hali ne ya rinjaye shi, don ba a yi wata shida ba ya koma kansu. Dabarar tsohuwa ce, duk wanda ya tashi da tatsuniyar Gizo ya san ta: abin da ba a iya faɗa wa sarki a fada, ana iya sa shi a bakin dabba a dandali. Wakilin kamfanin da zai soke jawabin ɗan majalisa ba ya damuwa da abin da halittar duniyar Mars ta ce.

An yi kashi 156 cikin shekara biyar, Serling ya rubuta 92 da hannunsa, yawancin sauran kuwa Charles Beaumont da Richard Matheson ne. A shekarar farko kaɗai ya rubuta 28 cikin 36. Ba ya zama gaban tafireta, sai dai ya riƙa faɗa wa na'urar ɗaukar murya, yana kwaikwayon kowane ɗan wasa, sakatariya ta buga. Shi ne kuma mai gabatarwa, daga shekara ta biyu yakan fito da baƙar kwat, sau da yawa da sigari a hannu, ya buɗe labari ya kuma rufe shi.

Kashin da ya fi kusa da rayuwarsa shi ne The Purple Testament, na Fabrairu 1960. Filifin ce, shekarar 1945. Wani laftanan ya dawo daga sintiri an kashe masa mutum huɗu, sai ya nuna wa kyaftin ɗinsa takardar da ya rubuta sunayen mutanen nan huɗu tun kafin a fita. Wani haske yake gani a fuskar duk wanda ajalinsa ya kusa. Ba wanda ya gaskata shi, kuma sanin bai amfane shi da komai ba, don ba ya iya hana kowa tafiya. Ya ga hasken a fuskar kyaftin ɗin, kyaftin ya ce zancen banza ne, amma kafin ya fita ya ajiye zoben aurensa da hotunan iyalinsa a kan tebur. A ƙarshe an umarci laftanan ya koma baya a duba lafiyarsa. Yana haɗa kaya ya dubi madubin askinsa ya ga hasken a tasa fuskar, ya kuma gan shi a fuskar direban da zai kai shi. Bai ce komai ba, ya shiga motar. Jim kaɗan waɗanda aka bari a sansani suka ji ƙara daga nesa.

Cikin Disamba 1961 ya sake komawa Filifin da A Quality of Mercy. Ran 6 ga Agusta 1945 wani sabon laftanan, wanda bai taɓa jin ƙarar harsashi ba, ya iso da kakinsa a goge, ya tarar da gajiyayyun sojoji sun tsare bakin wani kogo da ragowar sojan Japan ke ciki, majinyata da mayunwata. Sajen rukunin ya ba da shawara a kewaye su a wuce, tun da yaƙi ya zo ƙarshe. Laftanan ya ce sai an shiga an gama da su. Madubin hangen nesansa ya faɗi, yana sunkuyawa ya ɗauka sai ya tsinci kansa hafsan Japan ne a Corregidor cikin Mayu 1942, waɗanda ke cikin kogon kuma Amurkawa ne masu rauni. Ya roƙi kyaftin ɗinsa a ƙyale su, kyaftin ya amsa masa da hujjojin da shi kansa ya kawo ɗazu. Wanda ya rubuta wannan mutum ne da sojan Japan suka ji wa rauni, shekara 16 kacal bayan yaƙin.

Wani kashin kuma daga Hamadar Sahara aka samo shi. Cikin Afrilu 1943 wani jirgin yaƙin Amurka mai suna Lady Be Good ya ɓata a hanyarsa ta dawowa bayan an tura shi kai hari birnin Naples na Italiya. Ya wuce sansaninsa na kusa da Bengazi cikin dare bai sani ba, ya yi ta kutsawa kudu har mai ya ƙare. Sai cikin 1958 masu neman man fetur suka hango shi a hamadar Libiya, cikin 1960 kuma aka gano gawarwakin mutum 8 cikin 9 da ke cikinsa, waɗanda yawancinsu suka yi ta tafiya a ƙasa ba ruwa har suka faɗi. Serling ya ɗauki wannan ya rubuta labarin matuƙin da rashin lafiya ta hana shi bin jirginsa ranar da ya ɓata, ya yi shekara 17 yana ɗauke da laifin abin da ba shi ya yi ba.

Bai tsaya kan yaƙin da ya gani da idonsa ba. Ya waiwayi yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, wanda ya ci rayuka fiye da 600,000, da labarin wata hanya da sojojin ɓangarorin biyu ke bi a jere, sai daga baya a gane duk matattu ne, na ƙarshensu kuwa Shugaba Lincoln. Cikin Nuwamba 1961, shekarar da aka yi shari'ar Eichmann, ya mai da wani tsohon hafsan Jamus sansanin Dachau, fatalwar waɗanda ya kashe ta yi masa shari'a. Akwai kuma kashin 1963 da wasu sojoji uku da tankar yaƙinsu suka tsinci kansu a yaƙin Little Bighorn na 1876, suka shiga bayan Custer. Wannan kam yana cikin masu rauni, don marubucin da ya iya shiga rigar sojan Japan bai tsaya ya tambayi abin da ya sa ƙabilun Sioux da Cheyenne suke kare ƙasarsu ba. Cikin Satumba 1963 ya nuna uban da aka gaya masa ɗansa yana bakin mutuwa a Biyetnam ta Kudu, lokacin da yawancin Amurkawa ba su san 'ya'yansu na can ba.

Batun ƙiyayya tsakanin maƙwabta kuwa, wanda aka hana shi faɗa da sunan Misisifi, ya faɗe shi cikin Maris 1960 da sunan wani titi da ake kira Maple. Wuta ta ɗauke a unguwa, motoci suka ƙi tashi, wani yaro ya ce a littafin da ya karanta halittun sama kan turo 'yan leƙen asiri da siffar mutane. Kafin gari ya waye maƙwabta sun zargi juna, an harbe mutum guda, unguwa ta kama da jifa. Can kan tudu halittun na kallo, ba abin da suka yi illa wasa da wutar lantarki. Waɗanda suka rayu a zamanin Sanata McCarthy, sa'ad da zargin kwaminisanci ke raba mutum da aikinsa, ba su buƙaci a yi musu fassara ba. A watan da ya biyo ya nuna labarin wani ɗan dambe wanda kusan duk manyan 'yan wasansa baƙar fata ne, abin da ba a saba gani ba a telebijin ɗin lokacin. Shirin ya ƙara masa lambar Emmy biyu, cikin 1960 da 1961.

Ba duk abin da ya rubuta ne ya yi kyau ba. Yana da son wa'azi, kuma in ya gaji sai duk mutanen labarinsa su riƙa magana da murya ɗaya, watau tasa. Yawan aikin ya cinye shi, shi kansa ya yarda cewa rijiyar ta fara ƙafewa. Da CBS ya dakatar da shirin cikin 1964, Serling ya sayar wa gidan da nasa kason na mallaka, yana ganin ba wata riba a gaba. Maimaicin shirin ya jawo wa CBS dukiya mai yawa shekara da shekaru, iyalinsa kuwa ba su da rabo a wannan kason.

Shekarunsa goma na ƙarshe sun haɗa nasara da takaici. Shi ya rubuta fim ɗin Seven Days in May na 1964, a kan janar-janar ɗin da suka shirya yi wa shugaban Amurka juyin mulki, yana kuma cikin mutum biyun da suka rubuta Planet of the Apes na 1968. Ya yi wani shiri a kan tsohon sojan yaƙin basasa mai suna The Loner, CBS ya ce tunani ya yi yawa harbi ya yi kaɗan, aka tsai da shi bayan kashi 26. Cikin 1969 ya fara Night Gallery a gidan NBC, inda wani saurayi mai suna Steven Spielberg ya ba da umarni a ɗaya daga cikin labaran farko, amma Serling bai riƙe ikon zaɓen abin da za a nuna ba, ya zama sunansa da fuskarsa ake sayarwa. Ya ba da muryarsa ga shirye-shiryen binciken teku na Jacques Cousteau. Mutumin da ya yi suna wajen faɗa da masu talla ya koma yana fitowa a tallace-tallace da kansa. Duk da haka bai yi shiru kan yaƙin Biyetnam ba, ya yi ta sukarsa a jami'o'i, ya kuma goyi bayan ɗan takara Eugene McCarthy cikin 1968. Ya koyar da rubutun wasa a kwalejin Ithaca, kusa da tafkin Cayuga inda iyalinsa ke da gidan hutu.

Ya kasance yana shan sigari kwali uku zuwa huɗu a rana. Cikin Mayu 1975 zuciyarsa ta buga, ta sake bugawa bayan 'yan makonni, aka yi masa tiyata a wani asibiti a Rochester ran 26 ga Yuni, ya rasu ran 28 ga watan yana da shekara 50. An sake farfaɗo da shirinsa cikin 1985 da 2002 da 2019. An binne shi a maƙabartar Lake View a ƙauyen Interlaken na jihar Niyok, ƙarƙashin ɗan ƙaramin allo irin wanda gwamnati ke ba tsofaffin sojoji, mai ɗauke da sunansa da muƙaminsa na soja da yaƙin da ya yi da ranar haihuwa da ta rasuwa.